Citta Mai Ƙwaya: 'Yar Kurmi Da Ta Zama 'Yar Gida A Daura

Duk wanda ya tsaya gaban mai kayan yaji a kasuwar Daura ya ce a ba shi citta, ba nan take za a miƙo masa ba. Sai an tambaye shi: "Wacce? Mai yatsu ko mai ƙwaya?" Mai yatsu kowa ya san ta. Ita ce saiwar da ake nomawa a kudancin Kaduna, wajen Kaciya da Kagarko da Jaba. Mai ƙwaya kuwa, wadda wasu ke ce wa citta mai 'ya'ya, wani busasshen kwanso ne ruwan ƙasa, a yamutse, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. In aka fasa shi sai ƙananan ƙwayoyi masu sheƙi su zubo, bayansu jaja-jaja, cikinsu fari fat. In ka tauna guda, da farko ƙamshi za ka ji, can sai zafi ya taso a hankali ya kama harshe da maƙogwaro, ya daɗe bai sake ka ba.

Daga cikin birnin Daura har Mai'aduwa, Zango, Baure da Sandamu, da wuya a sami gidan da wannan ƙwaya ba ta taɓa shiga turminsa ba. Tana cikin yajin maijego, tana cikin farfesu, tana cikin haɗin maganin sanyi. Amma a tambayi masu dakan da masu sayarwar ko sun taɓa ganin ganyenta, ko sun san launin furenta, mafi yawa za su ce a'a. Ba laifinsu ba ne. Babu gindinta ko ɗaya a gonakin ƙasar Daura. Gidanta yana can kudu, tafiyar ɗaruruwan kilomita, a ƙarƙashin inuwar kurmi inda rana ba ta cika sauka ƙasa ba.

Wannan rahoto ya bi sawunta ne, don mu san ko mece ce ita, yadda ta iso mu, da dalilin da ya sa makomar dajin da ba mu taɓa gani ba ta shafi tukunyarmu.

Tsiron da ba ya son rana

Masana tsirrai suna kiran ta Aframomum melegueta. Dangi ɗaya suke da citta mai yatsu da kurkur, kuma duk wanda ya ga ganyensu zai shaida haka. Ba bishiya ba ce, ba ta da katako a jikinta, amma kuma ba irin ciyawar da ke mutuwa da ɗaukewar damina ba ce. Ranta yana cikin wata saiwa mai rarrafe a ƙarƙashin ƙasa. Daga wannan saiwa ne kara ke fitowa jere-jere, kowanne ya kai mita 1 zuwa 2, da dogayen ganye sirara masu tsini a hagu da dama. In wani kara ya tsufa ya faɗi, saiwar ta riga ta turo wani a gefe. Haka gindi guda zai yi shekara da shekaru yana yaɗo.

Abin mamakinta shi ne inda take fure. Ba a saman kara take yi ba. Furen yana ɓullowa ne daga saiwar kai tsaye, a kan ɗan gajeren reshe, dab da ƙasa, cikin ruɓaɓɓen ganye. Launinsa tsakanin ruwan hoda ne da shunayya mai haske, bakinsa a buɗe kamar bakin algaita, kuma ba ya daɗewa yake yaushi. Mai wucewa da sauri ba zai ma lura da shi ba. Daga nan sai ɗa ya ƙullu, mai tsawon santimita 5 zuwa 7, in ya nuna ya yi ja wur. A cikinsa akwai farin ɓargo mai ɗan tsami wanda ya rungume ƙwayoyi masu yawa. Wannan jan ɗa ne ake tsinkowa a shanya har ya bushe ya yamutse, ya koma kwanson da muke gani a faifan ɗan koli.

Asalinta dazuzzukan Afirka ta Yamma ne, daga Gini da Saliyo da Laberiya, ta Kwaddibuwa da Gana da kudancin Najeriya, har Kamaru da yankin Kwango. Tana da 'yan'uwa sama da 50 a Afirka, wasu ma ana sayar da 'ya'yansu a matsayinta. Baturen Ingila William Roscoe ne ya ba ta sunan melegueta a littattafan kimiyya, sannan a 1904 Bajamushe Karl Schumann ya sanya ta cikin rukunin da take a yau. A 1916, likitan nan J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Najeriya, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, kuma citta na cikin abin da ya tarar Hausawa sun daɗe da sani, duk da cewa ba a ƙasarsu take fita ba.

Dalilin rashin fitarta a nan a bayyane yake. Tana son inuwa, da ƙasa mai taushi wadda ruɓaɓɓen ganye ya ƙosar, da iska mai laima kusan duk shekara. Inda take jin daɗi, ruwan sama kan haura milimita 1,500 a shekara. Ƙasar Daura kuwa jigawa ce, damina wata 3 zuwa 4, ruwan da ke sauka bai cika kai rabin wancan ba. Ga hunturu mai busar da fata, ga bazara da zafi ke haura digiri 40. Ko an kai ta bakin madatsar Sabke ko Daberam an wadata ta da ban-ruwa, ba a ba ta laimar iska da rumfar manyan itatuwa ba. Gero da wake da gyaɗa da riɗi su ne rabon wannan ƙasa. Citta mai ƙwaya rabon wata ƙasa ce, sai dai a saye.

Zafin da ya riga barkono

Yau in aka ce yaji, barkono ne ke fara zuwa a rai. Amma barkono baƙo ne. Daga nahiyar Amurka ya fito, bai kuma shigo Afirka ba sai bayan 1492, lokacin da jiragen Turawa suka fara kai da kawowa. Citta mai yatsu daga Asiya take. Kanumfari asalinsa tsibiran Indunusiya ne, daga baya aka dasa shi a Zanzibar. In aka tsame waɗannan baƙi daga faifan kayan yaji, abin da zai rage na asalin yankinmu shi ne citta mai ƙwaya, da masoro, da kimba, da kulla, da fasaƙwari. Yawancinsu kuma 'yan kurmi ne. Masoro yaɗo ne mai hawa manyan itatuwa. Kimba 'ya'yan wata doguwar bishiya ce. Kulla kuwa, wadda masana ke kira Thonningia sanguinea, ta fi duka ban al'ajabi: ba ta da koren ganye ko ɗaya, a jikin saiwar wasu itatuwa take maƙalewa tana tsotso, ba abin da ake gani nata a sarari sai jan fure da ke ɓullowa a doron ƙasa.

Ke nan kafin barkono ya zo, waɗannan su ne wutar miyar kakanninmu. Har yanzu kuma ba su bar matsayinsu ba, musamman a wuraren da al'ada ta fi ƙarfi.

A ɗauki jego. In cikin mace ya tsufa, cikin hidimar da ke kan maigida har da itacen wanka da kayan yaji. Mata 'yan'uwa da maƙwabta su taru a yi daka: barkono, citta iri biyu, masoro, kimba, kanumfari, wasu su ƙara daddawa da gishiri. Kowace tsohuwa da nata ma'aunin, kuma ba a rubuce yake ba, a hannu yake da hanci. Za ka ji uwar ɗaki tana cewa, "Ƙara mai ƙwaya kaɗan, bai kama ba tukuna." Da wannan yaji ake cin ƙauri bayan haihuwa, da shi ake barbaɗa tuwo da naman maijego har a yi arba'in. Iyaye mata sun ɗauke shi a matsayin mai ɗumama ciki, mai korar sanyi, mai buɗe wa maijego cin abinci.

Ba jego kaɗai ba. Mai fura tana jefa kayan ƙamshi cikin gero tun wurin daka. Mahauci yana da sirrin haɗinsa na tsire da kilishi. A watan azumi kunu da zoɓo da shayi ba sa rasa su. Da Babbar Salla, da kuma lokacin Sallar Gani da Daura ke cika da baƙi, cinikin masu kayan yaji kan tashi. Masu maganin gargajiya kuma suna sa citta mai ƙwaya cikin haɗin mura da tari da kumburin ciki, sau da yawa ba don ita ce uwar maganin ba, sai don a ganinsu tana ƙara wa sauran kaifi.

A can gidanta ma mai daraja ce. Yarbawa suna kiran ta atare, suna kawo ta wurin raɗin suna tare da zuma da gishiri da goro, yawan ƙwayoyinta na nuni da fatan yawan zuriya. Ibo suna miƙa wa baƙo ita tare da goro. Abin lura ne cewa al'ummomi uku da suka bambanta a harshe da abinci, kowacce ta kai wannan ƙwaya wurin da ta fi girmamawa: haihuwa da tarbar baƙo.

Sawun fatake

Yaya aka yi abin da ba ya fita a nan ya yi irin wannan kafuwa? Amsar tana kan hanyar fatauci.

Tarihin Kano da aka rubuta ya nuna Wangarawa, 'yan kasuwa kuma malamai daga ƙasar Mali, sun iso a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385). Ya kuma ce a zamanin Abdullahi Burja (1438 zuwa 1452) aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, a arewacin Gana ta yau. Wannan hanya ce ta zama jijiyar cinikin goro. Ayarin fatake, da madugu da jagaba da ɗaruruwan jakuna, sukan ɗauki kanwa, fatu, tufafin rini da busasshiyar albasa, su yi wata da watanni kafin su kai kasuwar Salaga, su juyo da goro. A ƙarni na 19, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ne suka yi fice a wannan sana'a, kamar yadda masanin tarihi Paul Lovejoy ya bayyana a littafinsa na 1980 kan fataucin goro. Akwai kuma hanyar kudu, ta ƙasar Nupe da Ilori zuwa ƙasar Yarbawa.

Goro ne sarkin kaya, amma kaya ne mai wahala: sai an naɗe shi da ganye, ana buɗewa ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda ya lalace. Kayan yajin kurmi ba su da wannan fitina. Ba nauyi, ba ruɓewa muddin sun bushe, kuma ɗan kaɗan ya isa kuɗi. Irin kayan da bafatake zai cusa a gefen mangala ke nan ba tare da ya ƙara wa jaki wahala ba.

Daura kuma a bakin hanya take. Tana tsakanin Kano da Damagaram, a kan turbar da ta miƙe zuwa Agadas da Sahara. Abin da ya sauka a Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa tun zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ba ya rasa ratsawa ta nan in zai yi arewa. Kanwa da gishiri da dabino suna gangarowa, goro da kayan yaji suna haurawa. A irin wannan mahaɗa, abin da ya zo a matsayin kayan baƙi yakan wayi gari ya zama al'adar gida.

Daga Sahara zuwa teburin Turawa

Tafiyar wannan ƙwaya ba ta tsaya a ƙasar Hausa ba. Tun kafin Turawa su san inda take fitowa, raƙuma sun riga sun tsallaka da ita Sahara zuwa gaɓar Arewacin Afirka, daga nan 'yan kasuwar Italiya su ɗauka. An ambace ta cikin kayan ƙamshin da aka yi amfani da su a wani biki a garin Treviso na Italiya a 1214. Da yake masu saye ba su san asalinta ba, sai dillalai suka laƙaba mata suna ƙwayar aljanna, farashi ya ƙara sama. Wani littafin kula da gida da aka rubuta a Faris wajen 1393 ya sanya ta cikin girke-girkensa.

Neman tushen irin waɗannan kaya, tare da zinariya, na cikin abin da ya ja jiragen Fotugal zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. A 1469 Sarki Afonso na Biyar ya ba wani attajirin Lisbon mai suna Fernão Gomes ikon cinikin gaɓar Gini na wasu shekaru, bisa sharaɗin ya riƙa ƙara gaba yana gano sabbin wurare kowace shekara. Gaɓar da ake kira Laberiya a yau, sunan wannan ƙwaya ta ɗauka a taswirar Turawa na tsawon ƙarnoni, kamar yadda maƙwabtanta suka ɗauki sunan hauren giwa da na zinariya. A jiragen cinikin bayi kuma ta tsallaka teku, har yau ana shuka ta a Surinam da Guyana.

Kasuwarta a Turai ta fara ja da baya bayan Vasco da Gama ya kai Indiya ta teku a 1498, masoron Indiya ya yawaita ya yi araha. Daga baya sai ta koma hannun masu haɗa giya, suna zuba ta don mai sha ya ɗauka abin da ya saya ya fi ƙarfi. Wannan algus ya sa a 1816 Majalisar Ingila ta yi doka, ta sa tarar fam 200 ga duk mai haɗa giyar da aka kama da ita. A Arewacin Afirka kuwa ba ta taɓa faɗuwa ba. Tana cikin haɗin kayan ƙamshin Maroko da ake kira ras el hanut, tana cikin na Tunisiya mai suna galat dagga. Turawa sun ɗauka sun ajiye, amma mu da Larabawan Magrib muka riƙe.

Hanyar yau

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kashe doguwar tafiyar jakuna. Hausawa 'yan kasuwa ba su bar sana'ar ba, wuri kawai suka sauya. Unguwannin Sabo suka kafu a Ibadan da Shagamu da sauran garuruwan kudu, suka zama gadar shanu da goro. Masanin zamantakewa Abner Cohen ya yi nazari mai zurfi kan Sabon Ibadan a littafinsa na 1969, ya nuna yadda amana tsakanin maigida da baƙonsa ke riƙe da wannan ciniki ba tare da takarda ba.

Yau manyan motoci ne. Motar da ta ɗauki shanu da awaki daga kasuwar Mai'aduwa ta ranar Lahadi, ko albasa da wake, ba ta son dawowa wayam. Takan juyo da manja da goro da garin rogo, da buhunan kayan yaji. Yawanci Kano ce masauki, daga can 'yan sari su biyo ta Dambatta da Kazaure su iso Daura, wasu su wuce ta Kwangwalam zuwa Matamaye da Damagaram. A hannun ƙaramin ɗan kasuwa sai buhu ya koma tiya, tiya ta koma gwangwani, gwangwani ya koma ƙulli.

A ɗaya ƙarshen hanyar kuwa ƙaramin manomi ne. A kudu maso yammacin Najeriya da Edo da Kuros Riba, da kuma Gana, ba a cika ware mata gona ta musamman ba. A ƙarƙashin koko da goro da kwakwar manja ake dasa ta, ko a tsinto ta a bakin daji. Wasu masana uku, Lock da Hall da Abbiw, sun rubuta yadda manoman Gana ke noma ta tun a 1977: aiki ne na hannu daga dashe har shanya.

Sarƙa ce doguwa, kuma kowace gaɓa tata na iya tsinkewa. An gani a Fabrairun 2021, da rikici ya ɓarke a kasuwar Shasha ta Ibadan, har ƙungiyar masu safarar abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya kudu na wasu kwanaki. An gani lokacin rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023. An gani da cire tallafin fetur a Mayun 2023, da kuɗin mota ya hau kan kowane buhu. A daminar 2023 ce kuma wata cuta ta faɗa wa gonakin citta mai yatsu a kudancin Kaduna, farashinta ya yi tashin gwauron zabo a duk kasuwannin Arewa. Wannan darasi ne: abin da ke fitowa daga yanki ɗaya tak, ranar da yankin ya sami matsala kowa sai ya ji a jikinsa.

Abin da bincike ya nuna

Zafin citta mai ƙwaya yana fitowa ne daga wasu sinadarai da ake kira faradol da jinjarol da shogawol, 'yan'uwan waɗanda ke cikin citta mai yatsu. Masu bincike a Jami'ar Rutgers ta Amurka sun gwada ruwan da aka tatso daga ƙwayar a jikin ɓeraye, suka ga yana rage kumburi. Su ɗin dai sun ga cewa in aka yawaita ba su, alamun wahala na bayyana a hanta. A Japan, wani gwaji da aka wallafa a 2013 kan maza 19 ya nuna cewa miligiram 40 na abin da aka tatso daga ƙwayar na zaburar da wani nau'in kitse mai ƙona kuzari ya mayar da shi ɗumin jiki. Wannan ya yi kusa da abin da iyaye mata ke nufi in sun ce tana ɗumama jiki. Sai dai gwaji kan mutum 19 ba hujja ba ce ta tallan da ake yi a intanet cewa maganin ƙiba ce.

Akwai kuma gargaɗi daga gida. A 2009 masu bincike a Jami'ar Ambrose Alli da ke Ekpoma sun ba ɓeraye masu ƙaramin ciki ita da yawa, cikin bai tsaya ba. Jikin ɓera daban, na mutum daban, amma rigakafi ya fi magani. Ɗan abin da ke cikin miya daban yake da jiƙo ko garin da ake ɗirka da cokali. Mai juna biyu, musamman a watannin farko, ta nisanci irin wannan haɗi har sai ta tambayi ma'aikatan asibiti. Haka mai gyambon ciki da mai shan magani kullum.

Hatsarin da ya fi kusa da mu shi ne na shanya. Ana girbe ta a ƙasa mai laima, in ba ta bushe sosai ba aka ƙunshe a buhu, sai ta yi fumfuna, wani fumfunan kuma yana haifar da gubar aflatoksin mai cutar da hanta. Shi ya sa sayen kwanso guda ya fi sayen gari. Kwanso mai kyau busasshe ne ƙarau, in an girgiza ana jin motsin ƙwaya, babu farar ƙura ko warin rima a jikinsa. Gari kuwa ba ka san abin da aka haɗa ba, ƙamshinsa kuma ba ya daɗewa.

Kurmi na ja da baya

Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin 2000 da 2010 Najeriya na rasa kimanin hekta 410,000 na daji kowace shekara. Abin da ya rage na kurmi na gaske ya taƙaita ne a wurare irin su gandun Omo a Ogun, Oluwa a Ondo, Okomu a Edo da gandun ƙasa na Kuros Riba, su ma masu yankan katako da masu buɗe gona suna cinsu ta gefe. A Gana, haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba tana tone gonakin koko tana gurɓata rafuka.

In ana maganar sare daji, manyan itatuwa ake kallo. Ba a cika tuna ƙananan da ke rayuwa a inuwarsu ba. Amma in rumfa ta tafi, na ƙasa ne ke fara ƙonewa. Masoro ya rasa abin hawa, kulla ta rasa saiwar maƙalewa, citta ta rasa inuwa. Har namun daji abin ya shafa: a dazuzzukan Kamaru da Gabon da Kwango, 'ya'ya da ɓargon karan dangin citta na cikin abincin da gorila ya fi ci. Sauƙin da ake da shi shi ne citta mai ƙwaya tana karɓar dashe. Muddin manomin koko ya bar itatuwan inuwa a gonarsa, za ta zauna, ta kuma ba shi kuɗin cefane a lokacin da koko bai nuna ba. Duk ƙullin da aka saya a Daura, ƙarin dalili ne ga wani manomi a Ondo na barin bishiya a tsaye.

Mutumin Daura ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan rashin itace. Ya ga yadda gawo da kuka da ɗorawa suka ragu a gonaki, ya ga rairayi na matsowa, ya san dalilin dashen itatuwa a jihohin bakin iyaka. Ciwon da ke damun kurmi ɗan'uwan nasa ne.

Abin da ke hannunmu

Ba za mu iya noma ta ba, amma akwai abin da za mu iya. Na farko ilimin da ke hannun tsofaffin mata: wane haɗi ake yi wa maijego, wanne ake yi wa mai mura, me ake ragewa in zafi ya yi yawa. Dunƙulen ɗanɗano na kanti yana ture wannan sani daga madafa, kuma duk tsohuwar da ta rasu da nata ma'aunin take tafiya. Ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina da na manyan makarantun da ke cikin Daura suna da aikin yi a nan: su zauna da iyayen nan, su rubuta, su auna, su gwada a ɗakin bincike, a ware mai amfani daga mai cutarwa.

Na biyu tsabtar kaya. In 'yan sari suka riƙa ƙin karɓar buhun da bai bushe ba, suka biya mai kyau farashinsa, saƙon zai koma har gona. Matan da ke haɗa yaji suna ƙullawa don sayarwa su ma za su ci riba in suka san asalin kayansu, suka nemi rajistar NAFDAC, domin kasuwar yajin Hausa ta wuce Najeriya, ta kai duk inda Bahaushe ya yi zango. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wanda zai ratsa ta Daura, zai iya mayar da garin kan matsayinsa na mahaɗar kaya, in an shirya masa.

Na uku shi ne yadda muke kallon junanmu. Akan yi magana kamar Arewa da Kudu wasu duniyoyi biyu ne da aka haɗa da ƙarfi a 1914. Turmin yajin jego yana ba da wani labari daban. Ɗaruruwan shekaru kafin 1914, kanwar Arewa tana cikin tukunyar mutumin kurmi, cittar kurmi tana cikin abincin da ake fara ba matar da ta haihu a Daura. Ba sarki ne ya yi umarni da haka ba, buƙata ce da amana suka gina shi, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya san haka zai damu da zaman lafiyar kasuwar Ibadan kamar yadda ya damu da ta Mai'aduwa, zai kuma ɗauki sare gandun Omo a matsayin asarar da shi ma yake da kaso a ciki.